Kamfani ya biya kuɗin bincike a jami'a: na wa ne abin da aka ƙirƙiro?

Duk lokacin da aka ji wani kamfani zai ɗauki nauyin bincike a jami'a, magana biyu ke yawo tsakanin malamai da ɗaliban manyan digiri. Wasu su ce kada ka kuskura, da zarar ka karɓi kuɗinsu ko sunanka ba za ka ƙara gani a kan aikin ba, wai har ɗaure ka za a iya yi in ka taɓa shi daga baya. Wasu kuma su ce babu abin tsoro, ai daga kanka tunanin ya fito, don haka naka ne ko wa ya biya. Babu wadda ta dace da doka a cikinsu, ta biyun ma ta fi haɗari, domin ita ke sa mutum ya saki jiki.

Dokar da ke aiki a Najeriya ita ce ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, wadda ke babi na P2 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ta shafi malami, ma'aikacin ɗakin gwaji, ɗalibi, jami'ar kanta da kamfanin. Takardar mallaka (patent), wato shaidar da ke ba mai ita ikon hana wasu amfani da ƙirƙirar, tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, matuƙar ana biyan kuɗin shekara-shekara.

Mu fara kawar da tsoro. Taka haƙƙin mai takardar mallaka ƙara ce ta neman diyya a Babbar Kotun Tarayya. Kotu na iya hana ka ci gaba, ta sa ka biya diyya ko ka mayar da ribar da ka ci. Ba shari'ar ɗauri ba ce. Batun suna kuwa, sashe na 2 ya ba wanda ya yi ƙirƙirar haƙƙin a rubuta sunansa a takardar, kuma babu yarjejeniyar da za ta iya soke wannan, ko da ya sa hannu.

Amma suna daban, mallaka daban. A nan ne ƙaramin sashe na 4 na sashe na 2 ya shigo, kuma shi ne tushen rigimar. Abin da ya ce shi ne, idan an yi ƙirƙira a bakin aiki, mallakar ta wanda ya ɗauke ka aiki ce; idan kuma an yi ta wajen cika kwangilar wani takamaiman aiki, ta wanda ya ba da kwangilar ce. To malamin jami'a da kamfanin siminti ko na taki ya ba kuɗi ya warware masa wata matsala fa? Ma'aikacin jami'a ne, kuma yana cika kwangilar kamfani ne. Jami'a na da hujja, kamfani na da hujja. Wanda sakin layin bai ba mallaka ba shi ne malamin da ya kwana a ɗakin gwaji.

Abin da aka tanadar masa lada ne na adalci, a hali biyu: idan aikin da aka ɗauke shi bai ƙunshi ƙirƙira ba amma ya yi amfani da kayan wurin aikin ko bayanansa, ko kuma idan ƙirƙirar na da muhimmanci na musamman. Wannan ma ba a soke shi da yarjejeniya, kuma ana iya zuwa kotu a kansa. A takarda ya yi kyau. Sai dai bincike na cikin aikin da aka ɗauki malami a kai, da shi ma ake masa ƙarin girma, don haka jami'a na iya cewa hali na farko bai shafe shi ba. Saura na biyu, kuma dokar ba ta faɗi ma'aunin muhimmancin ba, ba ta yanke kaso ba, ta dai ce a duba albashinsa da girman ƙirƙirar. A auna ladan mutum da albashin malamin jami'a a Najeriya, ni dai ban ga adalcin ba.

Masu kawo misali da Amurka su lura. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar riƙe mallakar abin da aka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya, ta kuma wajabta musu raba kuɗin shiga da masu ƙirƙirar. Kuɗin gwamnati take magana a kai, ba na kamfani ba. Ko can ma takarda ce ke raba gardama: a 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin Jami'ar Stanford da kamfanin Roche kan hanyar auna ƙwayar cutar HIV a jini, kuma jami'ar ta sha kaye saboda wata takarda da mai bincikenta ya sa wa hannu lokacin da ya je koyon aiki a kamfanin Cetus, wadda ta ba Cetus haƙƙi a kan abin da zai ƙirƙiro, haƙƙin da ya koma hannun Roche daga baya.

Shi ya sa komai ke komawa kan yarjejeniyar da aka rubuta kafin a fara aiki: wa zai riƙe mallaka, me kowa ya zo da shi tun farko, nawa ne kason mai ƙirƙira. Jami'a ba dole ta sayar ba. Tana iya riƙe mallaka ta ba kamfani lasisi, kamar mai gona da ya ba da haya: ga iyaka, ga wa'adi, ga abin da za a riƙa biya. Lasisin na iya zama na kamfani ɗaya tal ko na da yawa, sai dai a rubuce, kuma a yi masa rajista kafin ya yi aiki a kan wasu mutane na waje. Kamfanin da ya karɓa ya jefa a aljihun tebur ma bai tsira ba, domin bayan shekara 4 da shigar da buƙata ko 3 da samun takardar, duk wanda ya fi nisa, wani na iya roƙon kotu lasisin dole in ba a amfani da ƙirƙirar. Idan fasaha ce ake shigowa da ita daga waje, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta (NOTAP) da aka kafa a 1979 ce ke rajistar yarjejeniyar, kuma ita ce ta buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'i da dama. Irin wannan ofishi ya kamata a fara kai daftarin yarjejeniyar, ba bayan an sa hannu ba.

Sharaɗin da ya fi tayar wa malamai hankali shi ne na jinkirta wallafa sakamako. Ana masa kallon toshe baki, alhali yana da tushe a doka: abin da ya riga ya fita ga jama'a, a mujalla ne ko a jawabin taro, ya daina zama sabo, kuma ba a ba da takardar mallaka sai ga sabon abu. Jinkirin 'yan watanni don a shigar da buƙata yana kare kowa. Wanda ba shi da wa'adi ne abin ƙi, musamman in akwai ɗalibi a aikin. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, tanadin ladan nan na ma'aikata bai ambace shi ba, kuma kundin digirinsa ne zai maƙale in kamfani ya ƙi sakin sakamakon.