A fito da ƙunzugu daga ƙarƙashin katifa

Iyayena mata da ƙannena na nan Garwa, yau kam sai na yi faɗa.

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini yarinya asibiti da ƙaiƙayi da kumburin gaba ba. Uwa ta ce, "Malama, sanyi ne, mun jiƙa sassaƙe har mun gaji." In ja yarinyar gefe, in tambaye ta inda take shanya ƙunzugunta. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Ƙarƙashin katifa. Wata bayan akwati. Wata ma a leda take ƙulle shi da danshinsa, gobe ta kwance ta mayar jikinta.

Haba jama'a! A watan Agusta, zanin da ke kan igiya ma sai ya yini bai bushe ba, balle tsumman da aka danne da katifa. Fumfuna yake yi. Shi kuke sa wa a inda ya fi ko'ina taushi a jiki, sannan ku ce sanyi?

Na san kunya ce, ni ma a haka na tashi. Na kuma san masu tsoron a sace musu ƙyallen a yi asiri. To ki shanya a bayan ɗaki inda rana ke bugawa, ki yafa masa siririn gyale. Wa zai gane?

Da audugar mata ta wadata, da bakina ya huta. Sukotlan ta yi doka a 2020, ta fara aiki a Agustan 2022: auduga kyauta a makarantu da gine-ginen gwamnati, mace ta ɗauka ba mai tambayarta. Kenya ma tun 2017 dokarta ta ɗora wa gwamnati ba 'yan mata auduga a makarantunta. Mu ma mu riƙa tayar da maganar a taron iyayen yara da ofishin magajin gari. Ku kuma iyaye maza, ku sa kuɗin auduga cikin cefane.

Kafin nan dai: wanki da sabulu, shanya a rana, guga in sama ta haɗe, canji bayan awa 4 zuwa 6, ko ƙyalle ko auduga. Mai ƙaiƙayi ko wari a kawo ta mu duba.

Yau da daddare kowace uwa ta ɗaga katifar 'yarta. In kin tarar, kada ki zage ta, ki miƙa mata sabulu.