Saurin bugun jini a jijiya: ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambaya

Tun da masu zuwa duba lafiya ƙasar waje suka fara dawo mana Gombe da takardar wannan gwaji na auna taurin jijiyar jini, tambayoyin nan ba sa ƙarewa.

Me ake aunawa?
Duk bugun zuciya yana tura girgiza ta bangon jijiya. Ana ɗora na'ura a wuya da matsematsi, a auna tazarar da tef, a ga mita nawa girgizar ke ci a sakan ɗaya.

Saurin ya fi kyau ke nan?
A'a. Jijiyar da ta yi tauri ce ke saurin, kamar mesar da rana ta busar.

Da zafi?
Babu. Ko allura ba a yi.

Baba yana da shekara 66, an samu 10.4. Jijiyoyinsa sun lalace?
Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Gaskiya ne a 2012 masana a Turai sun tsayar da mita 10 a sakan ɗaya a matsayin iyakar da wuce ta ke nuna taurin jijiya, amma lambar ba ta tafiya ita kaɗai. Lafiyayyen matashi da bai kai 30 ba yakan tsaya wajen 6, wanda ya haura 70 kuwa yakan kai 10 ko fiye, don zaren da ke ba jijiya laushi yana tsinkewa da shekaru. Da ɗan 40 ne da wannan lamba, da na damu ƙwarai. Sannan nawa jininsa yake lokacin awon? In ya hau a ranar, shi kansa yana ɗame jijiya, lambar ta ƙaru. An bar shi ya kwanta minti 10 tukun? Ya ci goro ko ya sha taba cikin awa 3 kafin nan? Dattawanmu da goro a kumatu suke shigowa, ba kuma za su faɗa ba sai an tambaya. Na'urorin ma sun bambanta, alƙaluman da ake kwatantawa da su kuma a jikin Turawa aka tattara su. Ki kai wa likitansa takardar ya haɗa da gwajin suga da na ƙoda.

Dole ne in yi?
Ba dole. Awon hawan jini na hannu yana nan ko a kemis ɗin unguwa, kun yi?

Jinina ya sauka, in daina magani?
Haba, Alhaji! Maganin ne ya saukar da shi. Ka ci gaba da sha, a kuma rage gishiri da dunƙule a miya.