Waiwaye: Yadda "charity" ta tashi daga ƙauna ta koma sadaka

Duk ɗan makarantar da aka tambaya ma'anar "charity" zai ce sadaka ce, ko taimakon gajiyayyu. Shi ya sa mai karanta tsohuwar fassarar Turanci ta Littafi Mai Tsarki, wadda aka fi sani da ta Sarki James na Ingila, yakan yi turus idan ya isa wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 13. Sau tara kalmar ta fito a wannan gajeriyar sura, kuma a aya ta 3 Bulus yana cewa ko da mutum ya rabar da duk dukiyarsa ga matalauta, in ba shi da "charity", ya yi aikin banza. To, yaya wanda ya ba da komai nasa zai rasa sadaka?

Bulus da Girkanci ya rubuta, kalmar da ya sa ita ce "agape", ƙaunar da ba ta jiran a biya ta. A fassarar Latin da ake dangantawa da malamin coci Jerome, wadda aka soma aikinta wajen shekarar 382, ta zama "caritas", daga tushen da ke nufin abu mai tsada a zuciya. Ta Faransanci ta ratsa ta shiga Turanci, almajiran John Wycliffe, wani malamin coci na Ingila, kuma suka ɗauke ta a fassararsu ta ƙarshen ƙarni na 14.

Rigima ta tashi ne a 1526, da mai fassara William Tyndale ya buga Sabon Alkawari da Turanci a birnin Worms na Jamus. Daga Girkanci ya fassara kai tsaye, ya ajiye "charity" ya sa "love". Thomas More, babban jami'in gwamnatin Ingila, ya yi masa ca a 1529, yana ganin wannan dabara ce ta rage darajar ayyukan alheri da coci ke koyarwa. Tyndale ya mayar da martani cewa a bakin talakan Ingila kalmar ba ta ɗauke da abin da Bulus ke nufi. A ganina gaskiyarsa ce, domin mai fassara kunnen mai sauraro yake yi wa aiki. An shaƙe Tyndale aka ƙone gawarsa a Vilvoorde, kusa da Brussels, a 1536, bisa zargin bidi'a.

Fassarar Turanci ta Geneva ta 1560 ta bi sawunsa. Amma malaman da Sarki James ya tara suka dawo da "charity" a wannan sura a 1611, ta zauna daram har shekara 270, sai a 1881 sabuwar fassarar da aka yi wa gyara ta maido da zaɓin Tyndale. Kafin nan ma'anar kalmar ta riga ta tsuke ta koma kan kuɗi da gidajen marayu.

Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake karantawa a majami'u yau ya tsallake wannan tarko, "ƙauna" ya sa. Abin da ke damuna shi ne mai wa'azin da ke riƙe da fassarar Sarki James, tafinta na gefensa ya ji "charity" ya ce sadaka, jama'a su watse da zaton Bulus batun ba da kuɗi yake yi. Ko 'yan matan da ake raɗa wa suna Charity a Jos da Kudancin Kaduna, daga ayar ƙarshe ta wannan sura sunan ya samo asali, inda aka jera bangaskiya da bege da ƙauna. Da Hausa, sunansu Ƙauna ne.