Jiƙa wando da rana da matsuwar fitsari ga yara 'yan makaranta

Jiƙa wando da rana shi ne fitsari ya kuɓuce wa yaro idonsa biyu bayan ya cika shekara 5. Kafin nan likitoci ba sa ɗaukar abin a matsayin lalura, domin riƙon fitsari bai gama kankama ba. Ya sha bamban da fitsarin kwance, ko da yake wani yaron kan haɗa biyun, kuma an fi ganinsa ga 'yan mata.

Lafiyayyen yaro kan yi fitsari sau 4 zuwa 7 a yini. Sau 8 ya yi yawa, sau 3 ya yi kaɗan. Ana ƙiyasta abin da mafitsararsa ke ɗauka ta hanyar ƙara 1 a kan shekarunsa, a ninka da mililita 30. Ɗan shekara 7 ke nan mililita 240. Lissafin na aiki har zuwa shekara 12.

Babban sanadi shi ne tsokar mafitsara ta riƙa matsewa tun ba ta cika ba. Fitsari ya taso wa yaro farat ɗaya, sai a ga ya harɗe ƙafafu, ko ya yi ɗage, ko ya tsuguna ya danne gabansa da dunduniya. Manya kan ɗauka ganganci ne, alhali dabarar tare fitsarin ce. Wani yaron kuma shi ke jinkirtawa, saboda wasa ya ɗauke masa hankali ko yana ƙyamar bayin makaranta, har mafitsara ta cika ta tumbatsa. Wanda ya saba matse tsokokin ƙasan mara yakan kasa sakinsu lokacin fitsarin, sai ya fito a yanke-yanke, saura ya kwanta a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne taurin bayan gida. Ƙarshen hanji yana bayan mafitsara ne, idan kashi ya taru ya bushe sai ya danne ta, ya rage mata fili, ya tsokane ta. Yaro na iya zuwa bayi kullum amma cikin a cunkushe, don haka a duba taurin kashin da yawan yunƙuri da tabo a wando. Da yawa jiƙewar kan ragu ko ta tsaya da zarar an warware wannan.

Ga yarinyar da ke jiƙa kamfai 'yan mintuna bayan ta gama, galibi fitsari ne ya maƙale a gabanta; zama da buɗe ƙafafu sosai kan magance shi.

Likita kan fara da gwajin fitsari, sannan ya sa iyaye su rubuta lokaci da adadin kowane fitsari da abin sha na kwana 2. Wani lokaci a yi hoton mafitsara don a ga saura nawa ke kwanciya. A gaggauta zuwa asibiti in akwai zafin fitsari, zazzaɓi, jini, ƙishirwa mai tsanani da rama (alamar ciwon suga), raunin ƙafafu, ko ɗigar da ba ta yankewa dare da rana.

Magani daga ɗabi'a yake farawa. Yaro ya je bayi duk bayan awa 2 zuwa 3 ko bai ji matsuwa ba, ƙafafunsa a dafe da ƙasa ko ɗan matashi, ba yunƙuri, ba gaggawa. Wannan sai da haɗin kan malamin aji. Kada a hana shi ruwa, domin fitsari mai kauri ƙara tsokanar mafitsara yake. Ɗan shekara 4 zuwa 8 na buƙatar lita 1 zuwa 1.4 a yini, a rarraba. A rage shayi da kofi da lemo mai gas. Duka da gori ba sa gyara komai, sai dai su koya wa yaro ɓoye jiƙaƙƙen wando.

Idan an yi makonni a kan haka ba sauƙi, likita na iya rubuta maganin sassauta mafitsara irin su oxybutynin. Yakan busar da baki, ya kuma taurara bayan gida, shi ya sa ba a fara shi sai an tabbatar hanji ya saki kuma mafitsara tana juye fitsarinta duka.