Ka bar ƙwaya, yara na kallo: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ina aikin sa-kai da iyaye masu barin shaye-shaye a unguwannin Aboabo da Asawase, nan Kumasi a Gana. Tambayoyin nan su ake turo min a WhatsApp dare da rana, don haka na tara su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Yarana ƙanana ne. Sun san abin da nake sha?

Sun sani. Ba su san sunan ƙwayar ba, amma daga yadda ka turo ƙofa suke gane ko yau ranar wasa ce ko ranar laɓewa bayan uwarsu. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, yaran maƙwabta ma sun sani.

To in yanke yau ɗin nan, saboda su?

Niyyar ta yi kyau, amma kada ka kulle kanka a ɗaki ka ce za ka yi ta maza. Wanda jikinsa ya saba da tramadol, in ya yanke farat ɗaya, zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci ne za su mayar da shi wurin mai sayarwa. Mai shan akpeteshie, wato giyar gargajiya mai ƙarfi, kullum kuwa, yankewar gaggawa na iya jawo masa jijjiga har ta kai ga rasa rai. Je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. In kana Accra, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang. A'a, zuwa can ba ya nufin ka haukace.

Ba za a kama ni ba?

Likita ba ɗan sanda ba ne. Kuma dokar 2020 da ta kafa Narcotics Control Commission, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta sassauta wa mai sha: tara ce a gaba, maimakon shekarun kurkuku na da. Mai sayarwa dai hukuncinsa na nan daram.

Na saya wa babban waya, ƙaramin keke, don in wanke laifina. Me zan ƙara?

Ɗan'uwa, wa ya aike ka? Kuɗin hayar ɗakin ka biya? Yaron da ya tashi bai san da wace fuska ubansa zai dawo ba, abin da yake nema shi ne gobe ta yi kama da yau. Koko da ƙosai a kan lokaci. Kuɗin trotro, motar haya, a tafin hannunsa kafin ya tambaya. Ka ce za ka ɗauko shi daga makarantar allo bayan la'asar, ya leƙo ya gan ka tsaye a bakin ƙofa. Yi ƙaramin alkawari ka cika, gobe ka sake. Kada ka yi alkawarin kai su ganin teku da Sallah alhali na Juma'ar nan ma bai tabbata ba.

Uwarsu ta koma gidan iyayenta da su. Na daina, amma ta hana su kwana wurina. In kai ƙara?

Nan ba ni da amsa guda, don ya danganta da abin da ya faru kafin ta tafi, kuma kai ka san shi, ni ban sani ba. In akwai duka, ko ka taɓa ɗaukar yaro a babur kana cikin maye, ko ka bar ƙwaya inda hannun jariri ke kaiwa, to tsoronta ba sharri ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Watannin da kake ƙirgawa a wurinka babban abu ne, kuma lalle babban abu ne, amma ita shekarun baya take ƙirgawa.

Abin da nakan ce a gwada shi ne hawa-hawa. Fara da gaisuwa a gidan surukai, a gaban kakarsu, ko da za ta yi maka kallon hadarin kaji. Ka je a ranar da ka faɗa, a sa'ar da ka faɗa. Kuɗin cefane ka tura ta MoMo, wato ta waya, ya zama akwai shaida, ba a hannun yaro ba. Sai fita da rana tare da wani babba da ku biyun kuka yarda da shi, baffa ko gwaggo ko limamin unguwa. Kwana ya zo daga ƙarshe. Wata nawa? Ba zan yanka maka adadi ba. Wani gidan ya sauko da wuri, wani sai an yi ta bi.

Sannan ku yi maganar da kowa ke gudu: in ka koma sha fa? Komawa na faruwa, har ga masu gaskiya, kuma ba ta nufin komai ya rushe. Ku shirya tun yanzu wa za ka kira, wa zai zo ya ɗauki yaran a daren, kuma ba za ka hau babur da su ba. Mutumin da ya kawo wannan maganar da bakinsa, ana saurin yarda da shi fiye da mai rantsuwa da Alƙur'ani cewa har abada.

In ka yi duk wannan aka ci gaba da rufe maka ƙofa, akwai ma'aikatan Social Welfare, akwai kotun iyali, kuma abin da za su duba shi ne maslahar yaron, ba zafin zuciyarka ba. Ni dai da sarkin zango ko limami zan fara. Wata shari'ar takan bar yaro a tsakiya ana ja.

Me zan ce wa yaron in ya tambaya?

Gaskiya, daidai shekarunsa. "Baba ya yi rashin lafiya da wani magani, yanzu yana ganin likita, kuma ba laifinka ba ne." Ƙarshen nan ka maimaita shi, don yara kan ɗauka su suka jawo. Kada ka zauna kana yi masa kuka yana rarrashinka. Ba abokin sirrinka ba ne.

Ni mace ce, maganin tari nake sha a ɓoye. 'Yata ta fari ke riƙe da gidan.

'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, kawai mata sun fi ɓoyewa. Tun 2018 Gana ta haramta maganin tari mai kodin, don haka abin da ake kawo miki ta bayan fage ba ki ma san me ke cikin kwalbar ba. Nemi magani. Yarinyar kuma ki sauke mata goyon ƙanne da tukunya, ta koma aji, ta fita wasa. Za ta ƙi da farko, don ba ta yarda za ki iya ba. Kada ki yi mata faɗa a kan haka.

Gado ne? Su ma za su sha?

Haɗarinsu ya fi na wasu, amma ba rubutacce ba ne. Ka san abokansu. Ka daina aiken su sayo sigari.

Yaro ya haɗiye ƙwayata. In ba shi manja ya yi amai?

Kada ka kuskura. Abin da hukumar magunguna ta yarda da shi tramadol mai miligiram 50 ne da 100. Wanda ake sayarwa a lungu yakan kai miligiram 225, kuma yana iya tsayar da numfashin ƙaramin yaro. Kira 112 ko ka tare pragya, babur mai ƙafa uku, zuwa asibiti yanzu, ka tafi da fakitin, ka gaya musu guda nawa suka ɓace.