Bayan an miƙa makullin bariki: me doka ta tanadar wa tsohon soja a Legas?

Akwai wani dattijo da muke sallar asuba tare a Agege, tsohon saje ne. Gadi yake yi a wani gida, ɗakin bakin get nan ne makwancinsa: tabarma, buta, sai akwatin ƙarfe da ya adana takardar sallamarsa cikin leda biyu saboda damina. Ran nan ya tare ni ya ce, "Malam, kai da kake karanta doka, ashe babu inda aka rubuta a ba tsohon soja gida?" Na ce, "Baba, an rubuta, amma inda aka rubuta ɗin ne matsalar."

Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni da kulawa a lokacin tsufa. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kan abin da ke cikin babin. Wato an ba ka da dama, an karɓe da hagu. Ɗakin bariki kuwa, ko a Ikeja ne ko a Ojo, na aiki ne. Ranar da aka sallame ka, wa'adi za a ba ka ka kwashe kayanka, don wani na jiran makullin.

Fansho daban ne, shi kam haƙƙi ne da ake iya zuwa kotu a kansa. Sashe na 173 ya ce ba a riƙe shi ko a zaftare shi sai da hujjar doka, ba a cire masa haraji, kuma dole a sake duba shi duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan tarayya, wanda ya riga zuwa. Nan ne tushen yawancin zanga-zangar da tsofaffin sojoji ke yi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja: a ƙara albashi, su kuma a bar su suna jiran ariyas, wato cikon kuɗin fanshonsu na baya da ba a biya su ba. Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon karo-karo da aka kawo a 2004. An fitar da su a 2011, dokar 2014 ta sake tabbatar da hakan, don haka hukumar fanshon soja da ke Abuja ce ke biyansu. Amma wanda aka kora bisa laifi, ko ya bar aiki shekarunsa ba su kai ba, yakan tashi a tutar babu. Irinsu ne suka fi saurin komawa kwana a tasha ko baranda.

Kafin sallama, ana tura ƙananan sojoji cibiyar koyon sana'a ta Oshodi su yi wata shida, wani ɗinki, wani kafinta, wani kiwon kaji. Abu ne mai kyau, amma takardar shaidar ɗinki ba ta biyan ejan ɗin gidan haya.

Shi ya sa na ce wa Baba dokar da ta fi kusa da wuyansa ita ce dokar haya ta jihar Legas ta 2011. Idan babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan ya cika sai a ƙara notis na kwana bakwai, sannan a je kotu. Mai gidan da ya cire maka ƙofa ko kwano, ko ya watso maka kaya waje da ƙarfin tsiya, laifi ya yi, hukuncinsa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Haka kuma haramun ne a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake kowa ya san yadda ake taka wannan a garin nan. A kula, dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba.

Kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su sayi bajo su yi alƙawarin gudummawa ga Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji. A nan Legas ne kuma Glover, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya tara Hausawa a 1863 ya kafa rundunar da sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Da na faɗa wa Baba haka, dariya ya yi, ya ce in bar tarihi, in zo gobe da biro mu rubuta wa hukumar fansho takarda a kan ariyas ɗinsa.