Waiwaye: Yadda Gudu Ya Riƙa Tsere wa Doka a Titunan Abuja

Wata safiya na hau tasi daga Zuba zuwa Berger, ni ke kujerar gaba. Mun wuce Dei-Dei, mun wuce Kubwa, direba ya taka totur har allurar maleji ta haura 130, motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Wani dattijo a baya ya ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, da iyali muka baro a gida." Direba ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, shekarata goma a kan hanyar nan." Bai ɗaga ƙafa ba sai da muka doshi wurin da 'yan Rodi Sefti suka saba tsayawa. Nan ya rage gudu, ya dube ni: "Alhaji, ja bel ɗinka." Na ja, maƙalarsa ta lalace. "Riƙe shi da hannu kawai." Haka muka wuce su a natse kamar masu rakiyar amarya. Ko mita ɗari biyu ba mu yi ba ya koma ruwa.

Tun ranar nake ganin abin da ya faru a motar nan shi ne tarihin kiyaye haɗurra a ƙasar nan a dunƙule. Shekara hamsin ke nan muna tsayar da jami'i a bakin titi ya duba abin da ido ke iya gani a motar da ta tsaya: takardu, bel, gilashi, tukunyar kashe gobara. Shi kuwa gudu ba a ganinsa a motar da ta tsaya.

Maganar ta samo asali tun farkon shekarun 1970. A ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, don ta yi daidai da maƙwabtanta da Faransa ta raina. Ba a jima ba kuɗin mai ya shigo, motoci suka cika gari, aka shimfiɗa sabuwar kwalta, gawarwaki kuma suka fara yawa a kanta. Gwamnatin Gowon ta kafa wata hukumar kula da lafiyar hanya a 1974, amma ba ta yi wani tasiri ba. Wadda ta ɗan taɓuka ita ce ta jihar Oyo da aka kafa a 1977, ita ma aka rushe ta a 1983. Sai a watan Fabrairun 1988, zamanin Janar Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da dokar soja mai lamba 45. Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, Dakta Olu Agunloye kuma ya riƙe rundunar. Tsofaffin direbobi har yau suna ba da labarin 'yan Rodi Sefti na wancan lokaci, waɗanda in ka miƙa musu na goro ka ƙara wa kanka laifi. A 1999 aka cusa hukumar ƙarƙashin 'yan sanda, a 2003 aka sake ware ta, a 2007 Majalisa ta yi mata dokar da take aiki da ita yanzu.

A daidai wannan tsakanin Abuja ke tasowa. Janar Murtala ya sa hannu a dokar kafa ta a watan Fabrairun 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disambar 1991. Waɗanda suka zana birnin suna da Legas a zuciya, cunkosonta da ƙuncinta, suka ƙudura cewa ba za a maimaita ba. Saboda haka suka yi tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, masu gadoji da lanƙwasa mai laushi, irin waɗanda mota ke jin daɗi. Abin da ba a yi lissafinsa da kyau ba shi ne inda masinja da mai gadi da birkila da malamin firamare za su kwana. Hayar Maitama da Asokoro da Wuse ta kore su zuwa Nyanya, Mararaba, Kubwa, Lugbe, Gwagwalada, Suleja. Kullum da asuba su kwararo cikin gari, da yamma su koma. Daga 2009 aka shiga faɗaɗa titin Kubwa da na filin jirgi zuwa layi goma-goma. Cunkoso ya ragu, gaskiya ne. Amma an ratsa unguwannin mutane da titin da ke kiran direba ya ƙure maleji, alhali kasuwa tana wannan gefe, gida da makaranta suna wancan.

An gina gadojin masu tafiya a ƙasa, an kuma ja waya a tsakiyar titi. Je ka Lugbe ko mahaɗar Gwarinpa da yamma ka tsaya minti goma. Za ka ga inda aka yanke wayar, an yi ƙofa, ƙafa ta tattake wurin har ya yi santsi. Na ga wata mata da goyo, da tiren ayaba a ka, ta tsallake layi uku ta tsaya cak a kan farin zane, motoci na wucewa gaba da bayanta, iskarsu na kaɗa mata zane. Mai mota zai ce gangancinta ne, ga gada can. Ita kuma za ta ce gadar tana da nisan rabin kilomita, matakalarta ta fi ƙarfin mai kaya, da dare kuma ɓata-gari ne ke kwana a kai. Kowa da gaskiyarsa, sai dai ɗaya yana cikin ƙarfe, ɗaya kuwa fatar jikinsa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa fiye da sau huɗu idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. To ina ga 120?

Ba wai babu doka ba. Ƙa'idar hanya ta ce a cikin gari kilomita 50 ne. Ƙaramar mota ta gida 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas 90 ne iyakarsu, tirela da tanka 60. Tambayi direbobi goma a tashar Jabi ko Utako, da wuya uku su kawo maka waɗannan lambobi daidai, domin da yawansu lasisin ma aike aka yi aka karɓo musu. Lissafin kuwa ba ya buƙatar digiri. Motar da ke 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarka ta kai burki. Mai gudun 140 in ya yi karo, ƙarfin bugun ya kusa ninka na mai 100, ko da yake 40 kawai ya ƙara.

Idan aka bi dokokin da hukumar FRSC ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, za a ga wani abu. Dokar ɗaura bel ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2003, ta kuma zauna, aƙalla ga na kujerar gaba, saboda jami'i na hango ƙirjinka daga nesa. Ta hular kwano ga 'yan acaɓa ta zo a Janairun 2009, aka ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a ka, fasinjoji kuma suka riƙa ƙyamar hular da kowa ke sawa, har da jita-jitar asiri. A tsakiyar Abuja wannan bai dami kowa ba, tunda ministan Abuja na lokacin, Nasiru El-Rufai, ya riga ya kori acaɓa tun Oktoban 2006. A 2013 aka bi da ƙananan bas-bas. A 2017 har gwajin ƙwaƙwalwa aka fara tura masu keta danja da masu waya a kan sitiyari su yi a asibiti. Aka yi ta dariya, abin ya ɗan tsorata mutane na 'yan watanni, ya lafa.

Yunƙuri na gaske a kan gudu shi ne na na'urar taƙaita gudu, wadda ake haɗa wa mota ta hana ta wuce iyaka komai taka totur. An sa rana an ɗaga sau da dama, 'yan Majalisar Wakilai ma sun nemi a dakata. Ana cikin wannan ja-in-ja ne, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken hukumar ya nuna taya ce ta fashe motar tana gudun wuce sa'a. Mutuwar ta girgiza gwamnati. A ranar 1 ga Oktoban 2016 aka fara gargaɗi, a ranar 1 ga Fabrairun 2017 aka fara kama motocin haya da ba su sa na'urar ba.

Manyan kamfanonin sufuri da dama sun sa, domin suna da suna da za su kare. Direban tasha kuwa lissafinsa daban. Na'urar ta haura naira 30,000 a lokacin, tarar rashin ta kuma ba ta kai ko kusa ba. Ga balas da mai mota ke jira kowace yamma, ga kuɗin ƙungiya, ga ɗan kamasho, ga na shingaye. Wanda ya yi sawu biyu zuwa Kaduna ya ci abinci, wanda ya yi ɗaya ya yi wa mai mota aiki. Fasinjan ma da ke salati in an yi obatekin a kwana, shi ne zai ce wa direba mai natsuwa, "Malam, yau za mu isa kuwa?" Ba a daɗe ba masu gyaran waya suka gano yadda ake yi mata maɓalli a ɓoye: a kunna in an hango jami'ai, a kashe in an wuce. Wasu ma takardar shaidar sawa kawai suka saya, motar ba ta taɓa ganin na'urar ba. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000, sai matsin ya ƙaru: ƙarin lodi, ƙarin sawu, tsohuwar taya 'yar gwanjo, gyaran burki sai wani watan.

Kuma dokar ba ta taɓa motocin gida ba, balle na manya. A nan ne, a ganina, ta rasa mutuncinta. Direban da aka ci tara a Giri yana kallo ayarin wani mai girma zai wuce da jiniya, a kori kowa gefe, gudun da ko jirgi albarka. A watan Nuwamban 2013 Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu kusa da Lokoja a karon da motarsu ta yi da wata ta ayarin gwamnan Kogi. An yi surutu, an ce za a horar da direbobin gwamnoni, jiniya dai ba ta fasa ba. A ƙarshen mako kuma 'ya'yan masu hali su mai da wasu titunan tsakiyar gari filin tsere, da safe ka ga baƙin zanen taya a kwalta da turken fitila a karye.

Hukumar FRSC ta ce mutum 5,081 suka mutu a haɗurran mota a 2023, a 2024 kuma 5,421, kuma kowace shekara gudu ne ke kan gaba a jerin dalilanta. Wannan adadin waɗanda aka rubuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta kusan 40,000 a shekara. Tazarar ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san mu: a ɗauki mutum daga bakin titi, a yi masa sutura kafin la'asar, a ce kwana ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare, ba mai ja da wannan. Amma Manzon da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a fara ɗaure raƙumin.

Yau maganar ta koma kan kyamara. A farkon 2025 Legas ta kafa na'urorin auna gudu a wasu tituna, tana aika tarar naira 50,000 ta saƙon waya, ba tsayarwa, ba "Oga, a yi haƙuri". Abuja ta taɓa shiga harkar kyamara: a 2010 aka ba da kwangilar dala miliyan 470 ta na'urorin tsaro, turakunsu da faifan hasken rana suka yi shekaru a tsaye a shataletale ba sa ganin komai. Ko da an kafa sababbi, sai lambar mota ta kai ga mai ita na gaskiya, a garin da manya ke lulluɓe lambarsu da baƙar jaka. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, ba su da hurumin tsayar da mota ko kama ta ko cin tara, abin da direbobi suka yi murna da shi ƙwarai.

Watanni biyar bayan hukuncin, ranar 19 ga Maris 2025, ana cikin azumi, mutane na hanzarin komawa gida shan ruwa, wata babbar mota ta ƙwace a gangaren da ke sauka gadar Karu ta afka cikin motocin da cunkoso ya tsayar, wuta ta tashi. Aka sake tuna da dokar da ta hana manyan motoci bin hanyar a lokacin cunkoso. Gangaren yana nan daga shataletalen AYA zuwa Nyanya, kuma duk wanda ya saba binsa da yamma ya san yadda direbobi ke yawan ɗaga ido su duba madubi.